Turancin da Ake Buƙata Idan Bairos Ya Shiga Kwamfuta ko Waya: Tambayoyi da Amsoshi

Na tattaro waɗannan tambayoyi ne daga ajin koyon kwamfuta da nake koyarwa da yamma. Cikin ɗalibaina akwai 'yan kasuwa, akwai malaman makaranta, akwai matan aure da samarin da suka gama sakandare, kuma kusan kowane zango tambayoyin da suke yi a kan bairos iri ɗaya ne. Abin da ke damuna shi ne yawancin asarar da nake gani ba rashin wayo ke jawo ta ba. Saƙo ne zai fito da Turanci, mutum bai gane shi ba, kunya ta hana shi tambaya, sai ya danna abin da ya fi kusa da yatsansa.

Sai na ƙware a Turanci kafin in gane abin da kwamfuta ke gaya mini?

A'a. Turancin da na'ura ke amfani da shi wajen gargaɗi ɗan kaɗan ne, kuma maimaita shi take yi. A ƙiyasina, wanda ya riƙe kalmomi talatin zuwa arba'in zai karanta kusan duk wani gargaɗi da zai fito masa a Windows ko a wayar Android. Fi'ilai ne suka fi muhimmanci, domin su ne ake rubutawa a kan maɓallan da ake dannawa: *allow*, *block*, *remove*, *run*, *open*, *scan*. Za ka iya kasa gane rabin jimlar da ke sama, amma idan ka san ma'anar kalmar da ke kan maɓallin, ka tsira daga mafi yawan haɗari. Na yi bayanin yawancinsu a amsoshin da ke ƙasa.

Me ya sa ake kiransa *virus*, kuma yaya ake furta kalmar?

Aro aka yi daga likitanci. *Virus* ƙwayar cuta ce wadda ba ta iya yaɗuwa sai ta shiga jikin wani abu mai rai. Haka shi ma na kwamfuta yake laƙewa a jikin wani fayil ko wata manhaja, idan aka buɗe sai ya kwafi kansa zuwa wasu. Wani ɗalibin jami'a a Amurka mai suna Fred Cohen ne ya fito da sunan fili a binciken da ya yi a 1983 da 1984. A 1986 kuma aka sami *Brain*, wanda ake ɗauka shi ne na farko da ya yaɗu a irin kwamfutocin da muke amfani da su. Wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta shi, har da sunayensu da adireshin shagonsu da lambar waya a ciki.

Mu a Hausa "bairos" muke cewa, kuma ba laifi ba ne idan Hausa ake yi. A Turanci kuwa, sai ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka fitar da murya, domin ba mu da wannan sauti na *v* a harshenmu. Gaɓar farko "vai" ce, ba "vi" ba. Jam'insa *viruses*. Ka kuma kula da *p* da *f*, waɗanda bakinmu ke haɗawa: *file* fayil ne, *pile* kuwa tsibi ne.

Mene ne bambancin *virus*, *malware*, *worm*, *Trojan*, *spyware* da *ransomware*?

*Malware* ita ce uwar kalmomin. An haɗa ta ne daga *malicious software*, wato manhaja mai mugun nufi, kuma duk sauran 'ya'yanta ne. A hira ta yau da kullum Turawa ma *virus* suke ce wa kowane iri, kamar yadda mu ma muke kiran kowane zafin jiki zazzaɓi. Amma manhajar riga-kafi, wato *antivirus* mai kama bairos, tana bambanta su, shi ya sa ya kamata a sani. *Worm* na nufin tsutsa, kuma furucinta ya yi daidai da na *term*, ba na *warm* ba. Ita ba ta buƙatar laƙewa a jikin wani fayil, tana bi ta intanet ko ta imel daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Shahararriya ita ce wadda ta fito daga Filifin a watan Mayu na 2000, a cikin imel mai taken *ILOVEYOU*. Mutane suka riƙa buɗewa suna zaton wasiƙar soyayya ce, ita kuwa tana aika kanta ga duk wanda ke cikin jerin adireshinsu.

*Trojan* tana da labari a bayanta. A tatsuniyar Girkawa, mayaƙa sun kasa shiga birnin Troy, sai suka sassaƙa ƙaton dokin katako suka ɓuya a cikinsa, suka bar shi a ƙofar gari kamar kyauta. Mutanen gari da hannunsu suka ja shi ciki. To, *Trojan* manhaja ce da ke zuwa da siffar abu mai amfani, kai da kanka za ka sauke ta ka ɗora: wasa na kyauta, manhajar da ta yi alkawarin ba da data, ko WhatsApp ɗin da ba na asali ba wanda aboki ya tura maka ta Xender. A ganina wannan ne nau'in da ya fi cin mutanenmu. *Spyware* daga *spy* take, ɗan leƙen asiri: tana kallon abin da kake rubutawa tana aika wa mai ita. *Adware* daga *advert*, ita ce mai cika maka allo da talla.

*Ransomware* kuwa ba sai an yi wa ɗan Arewa dogon bayani ba, domin *ransom* kuɗin fansa ne, kalmar da muka sani da baƙin ciki. Fayilolinka take garkuwa da su, ta kulle, ta ce sai ka biya. Za ka ga an rubuta *Your files have been encrypted*, wato an sauya fayilolinka zuwa rubutun sirri da ba ya karantuwa sai da mabuɗi. A watan Mayu na 2017, wadda ake kira *WannaCry* ta kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da yawa na Birtaniya, tana neman dala 300 a kuɗin Bitcoin daga kowace kwamfuta.

Yaya zan ce da Turanci kwamfutata ta kamu?

Mafi sauƙi: *My computer has a virus.* Ko *My phone is infected.* Idan ba ka tabbata ba, wanda shi ne ya fi yawa, ka ce *I think my laptop has a virus*, wato ina jin tana da shi. Idan kana son faɗin inda ka kwaso shi: *I got it from a flash drive.* Ko *I got it from an email attachment.* *Attachment* shi ne fayil ɗin da aka maƙala a jikin imel.

Abin da ke sauƙaƙa koyon nan shi ne Turancin ya bi hanyar maganar rashin lafiya daga farko har ƙarshe, kamar yadda Hausa ma take bi. *Infected* ta kamu, *spread* ya yaɗu, *symptoms* alamomi, *clean* ta warke ko a wanke ta, *protection* kariya. Wanda ya taɓa zama gaban likita ya riga ya san tsarin zancen.

Muna cewa *my system is hanging* da *virus has entered my phone*. Kuskure ne?

Idan a Farm Centre ta Kano kake, ko Computer Village ta Ikeja, kowa zai gane ka, kuma ban ga dalilin da za ka canza ba. Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa. Matsalar tana zuwa ne idan za ka yi bincike a Google, ko ka rubuta wa wani kamfani a waje, ko ka karanta bayanin da wani ya rubuta a Ingila ko Amurka. A can, *freeze* suka fi amfani da ita idan na'ura ta daskare ba ta motsi: *My computer keeps freezing.* Idan manhaja ta rufe kanta da kanta ko kwamfuta ta mutu ana cikin aiki, *crash* ne: *The app crashed.* Idan nauyi take yi: *It's running slowly.* Maimakon *virus has entered*, wanda fassarar "ya shiga" ce kai tsaye, su *has a virus* suke cewa. Kuma *off* ba fi'ili ba ne a wurinsu, sai an ce *turn it off* ko *shut it down*.

Wannan gini na *keeps* da fi'ili mai *-ing* ya cancanci a haddace shi, domin shi ne daidai da "ta yi ta yi" a Hausa. *It keeps restarting*, tana ta kashe kanta tana kunnawa. *Ads keep popping up*, talla na ta faɗowa. *The battery keeps draining*, batir na ta zuƙewa. Da wannan gini ɗaya za ka iya bayyana rabin matsalolin da ake kai wa mai gyara.

Shin *bug* ma bairos ne?

Ba ɗaya ba ne. *Bug* ƙwaro ne a asalin ma'ana, a harkar kwamfuta kuma kuskure ne da masu rubuta manhaja suka yi ba da niyya ba. Bairos da gangan aka ƙirƙire shi don cutarwa. Injiniyoyi sun daɗe suna amfani da kalmar, amma labarin da ya fi yawo shi ne na 1947, lokacin da masu aiki da wata babbar kwamfuta a Jami'ar Harvard suka tarar da ƙwaro na gaske ya maƙale a cikinta, suka manna shi a littafin aikinsu. Maganin *bug* shi ne *update*, wanda na yi bayaninsa a can ƙasa. Haka kuma *corrupted file* fayil ne da ya lalace, sau da yawa saboda an ɗauke wuta ana cikin ajiye shi ko an fizge filashi, ba lallai bairos ba.

Manhajar riga-kafi ta rubuto *Threat detected*. Me take nufi, kuma mene ne *quarantine*?

*Threat* barazana ce, *detected* an gano. Kada ka haɗa ta da *treat*, wadda ke nufin yi wa magani, ko da yake sun yi kama a rubuce. *Threat detected* ko *Threats found* labari ne mai daɗi ta wata fuska: mai gadi ya kama ɓarawo. *No current threats* na nufin babu komai a yanzu. *Scan* bincike ne. *Quick scan* yana duba wuraren da aka fi samun matsala cikin 'yan mintuna, *full scan* kuma yana bin kowane fayil, yana iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye. Idan ka ga *Actions needed*, jiran hukuncinka ake yi.

Zaɓin da ake ba ka yawanci uku ne. *Remove* a goge shi gaba ɗaya. *Allow* a ƙyale shi ya ci gaba da aiki. *Quarantine* kuma killacewa ce, kalmar da muka ji har muka gaji a 2020 lokacin korona. Asalinta daga kalmar Italiyanci ce mai nufin arba'in, domin a zamanin annoba jiragen ruwa da suka iso birnin Banis na Italiya sai sun yi kwana arba'in a gefe kafin a bar mutanensu su sauka. Fayil ɗin da aka killace ba a goge shi ba, amma ba ya iya yin komai. Shawarata kullum ita ce, idan kana shakka ka zaɓi *quarantine*. Wani lokaci riga-kafin yana kama fayil mai lafiya bisa kuskure, abin da ake kira *false positive*, kuma idan killace shi ka yi za ka iya dawo da shi da maɓallin *Restore*. Wanda aka goge ya tafi.

Waɗanne maɓallai ne bai kamata in danna da gaggawa ba?

Na farko *Allow*, wato na yarda. Shafukan intanet da yawa suna tambaya ko za su riƙa turo maka sanarwa, da zaɓi biyu: *Allow* da *Block*. Waɗansu har ƙarya suke yi, su rubuta *Click Allow to continue* ko *Click Allow to prove you are not a robot*. Da ka danna, sai tallace-tallace da gargaɗin ƙarya su riƙa faɗowa a gefen allo dare da rana, mutum ya ɗauka bairos ne. Ka danna *Block*. A waya kuma kishiyar *Allow* ita ce *Deny* ko *Don't allow*. Idan manhajar tocila ta ce *Allow access to your contacts* ko *your messages*, tambayi kanka: me ya haɗa haska ɗaki da lambobin mutanenka?

Na biyu *Run anyway*, *Install anyway*, *Download anyway*. Kalmar *anyway* ita ce abin lura: ma'anarta "duk da haka". Wato an gargaɗe ka, kana cewa ka ji ka gani. A Windows akwai shuɗin allo da ke cewa *Windows protected your PC*, amintaccen zaɓi a nan shi ne *Don't run*. Na uku *Enable content* ko *Enable macros* a takardar Word ko Excel da wani ya turo. Wannan izini ne ga takardar ta gudanar da umarnin da ke ɓoye a cikinta. Idan ba ka san wanda ya turo ba, rufe takardar. Kalmomin fita lafiya su ne *Cancel*, *Close*, *Not now* da *Back to safety*.

Wani saƙo ya cika mini allo yana cewa *Your phone is infected with 5 viruses!* Gaskiya ne?

Kusan tabbas ƙarya ne. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin wayarka ya ƙirga bairos. Talla ce da aka yi mata kwalliyar gargaɗi, ana kiranta *scareware*, daga *scare*, tsoratarwa. Kuma a nan ne ɗan Turancin da ka koya zai yi maka rana, domin harshen gargaɗin ƙarya ya bambanta da na gaske. Na gaske yana magana a natse, yana faɗin sunan fayil da inda yake, ba ya ƙirga maka daƙiƙa. Na ƙarya ihu yake yi: manyan baƙaƙe, alamar motsin rai, da kalmomi irin su *immediately*, nan take, *urgent*, na gaggawa, *act now*, yi yanzu, *within 2 minutes*, cikin minti biyu, *severely damaged*, ta yi mummunar lalacewa. Wani yana sa waya ta yi ta girgiza don hankalinka ya tashi.

Idan a kwamfuta ne, za ka ga *Call this number* ko *Do not turn off your computer*. Microsoft ta sha bayyana cewa gargaɗinta na gaske ba ya ɗauke da lambar waya. Masu ɗaukar kiran za su ce ka ba su *remote access*, wato damar sarrafa kwamfutarka daga nesa, kuma daga nan sai asusun banki. Kada ka danna komai a cikin shafin, har da maɓallin da ya ce *Close* ko *OK*, domin su suka zana shi. Rufe shafin daga sama, ko ka rufe burauzar gaba ɗaya. Idan yana ta dawowa, koma amsar da ta gabata: wataƙila ka taɓa danna *Allow* a wani shafi.

An ƙwace mini WhatsApp. *Virus* zan ce ko *hacked*?

*My account was hacked* za ka ce, wato an yi mini kutse. Mafi yawan masu ƙwace WhatsApp da Facebook ba su sa komai a wayarka ba, da baki suka karɓi mabuɗin. Wani zai kira ya ce daga wata ƙungiya da kake ciki yake, za a yi taro ta intanet, ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka. Lambobin nan *verification code* ne, lambar tabbatarwa, kuma saƙon da ya kawo su yana ɗauke da gargaɗin kada a ba kowa. Duk inda ka ga *Don't share this code* ko *Do not disclose*, ma'anarsa kada ka faɗa wa kowa. Na ga mutane masu daraja sun yi asarar mutunci a kan jimlar nan, domin ɓarawon da sunansu yake bi yana roƙon kuɗi wurin 'yan'uwa.

*Phishing* ita ce sunan wannan sana'a idan ta saƙo ko imel aka yi ta. Furucinta daidai yake da *fishing*, kamun kifi: an jefa ƙugiya da tsutsa a baki. Jimlolinta sanannu ne: *Verify your account*, *Your account will be suspended*, *Your BVN has been blocked*, *Click the link below*, *Congratulations, you have won*. Banki ba ya neman *PIN* ko *OTP* ko *password* ta waya. Kariyar da ta fi ita ce *two-step verification*, tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke cikin *Settings* na WhatsApp a ƙarƙashin *Account*. Idan an riga an taɓa kuɗinka, jimlar da za ka fara faɗa wa banki ita ce *Please block my account, there is an unauthorized transaction*, wato a rufe asusuna, an fitar da kuɗi ba da izinina ba.

Na kai filashi shagon buga takardu, duk fayilolina sun koma *shortcut*. Sun ɓace ke nan?

Yawanci ba su ɓace ba. Wannan shi ne abin da ake kira *shortcut virus*, kuma duk ɗalibin da ya taɓa kai aikinsa bugawa a bakin makaranta ya san shi. Yana ɓoye fayilolin gaske, ya ajiye gumaka masu ƙaramar kibiya a kusurwa a madadinsu. *Shortcut* gajerar hanya ce, gunkin da ke nuna inda wani abu yake. Idan ka danna irin wanda bairos ɗin ya ajiye, ya shiga kwamfutarka. Kalmar da za ka riƙe ita ce *hidden*, ɓoyayye, kishiyar *deleted*, gogagge. Ka ce wa mai gyara: *My files are hidden, please don't format the drive.* Yana da umarnin da zai rubuta ya fito da su bayan ya wanke filashin. Me ya sa na ce a hana shi *format*? Duba amsa ta gaba.

Yaya zan yi magana da mai gyara ba tare da na yi asarar hotuna da takarduna ba?

Da farko, ka faɗi abin da ka gani da idonka, ka bar masa yanke hukunci. Wanda ya shiga shago ya ce "bairos ne" ya ba mai gyara hanya mafi sauƙi, wato ya share komai ya ɗora sabo. Ko asibiti ma, wanda ya ce wa likita kaina ke ciwo tun jiya da yamma ya fi wanda ya ce taifot gare ni samun magani daidai. Abu uku ake so: me ke faruwa, yaushe ya fara, me ka yi kafin ya fara. Misali: *Good afternoon. My laptop keeps freezing. It started three days ago, after I installed a free video app.* Jimla uku ke nan, kuma sun wadatar. Idan wani saƙo ne ke fitowa, ɗauke shi hoto da waya ka nuna masa.

Sai kalmomin da ke iya cinye maka aikin shekaru. *Format* da *wipe* share komai ne. *Factory reset* mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, babu hoto babu lamba. *Reinstall* sake ɗora Windows. *Flashing* a bakin masu gyaran waya sake ɗora manhajar wayar ne, kuma galibi yana tafiya da abin da ke ciki. Kafin kowane ɗayansu, kalmar ceto ita ce *back up*, wato a kwafi kaya a ajiye wani wuri. Wata ɗalibata, malamar makaranta, ta rasa hotunan mahaifinta da ya rasu saboda an tambaye ta *Should I format it?* ta ce *yes*, tana zaton gyara ake nufi. Tun daga ranar nake sa kowane aji su haddace waɗannan: *Will I lose my files?* Zan rasa fayilolina? *Please back up my files first.* A fara kwafe mini kayana. *Can you remove it without formatting?* Za a iya cire shi ba tare da an share ba? *Call me before you delete anything.* Kira ni kafin a goge komai.

Idan mai gyaran Bahaushe ne, ba sai ka yi masa Turanci ba. Ka ce, "Maigida, don Allah kada a yi fomatin sai an kwafe mini kayana." Amma shi ma kalmomin sana'ar da Turanci zai faɗe su a tsakiyar Hausarsa, don haka sanin su bai zama aikin banza ba.

Mene ne bambancin *update* da *upgrade*, kuma dole ne in yi?

*Update* sabuntawa ce, gyare-gyare a kan abin da kake da shi. *Upgrade* hawa mataki ne, kamar daga Windows 10 zuwa Windows 11, ko daga manhajar kyauta zuwa ta kuɗi. *Patch* faci ne, irin na taya, ana toshe ɓarakar da ake kira *vulnerability*. Na san data tana da tsada, kuma na san shi ya sa mutane ke danna *Remind me later*, a tuna mini daga baya, har shekara ta zagayo. Amma *WannaCry* da na ambata a sama ta bi ne ta ɓarakar da Microsoft ta riga ta fitar da facinta tun watan Maris na 2017, wata biyu kafin harin. Waɗanda ba su sabunta ba su ne abin ya ci.

*Out of date* ya tsufa, *up to date* yana kan na yanzu, *expired* wa'adinsa ya ƙare. *End of support* na nufin kamfani ya daina fitar da faci: Windows 7 ta kai wannan matsayi a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Idan riga-kafin da aka sayar maka da kwamfuta da shi ya ce *Your subscription has expired*, ba dole ne ka biya ba, domin Windows tana zuwa da nata mai suna Microsoft Defender. Sai *cracked*, manhajar kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta. Idan umarnin ɗora ta ya ce *Disable your antivirus*, cewa ake ka sallami mai gadi kafin baƙo ya shigo.

Waɗanne kurakuran nahawu aka fi yi a wannan fanni?

*Malware*, *software* da *information* ba sa ɗaukar *s* na jam'i, kamar yadda ba a ƙirga gari ko ruwa sai da ma'auni. Ba a cewa *softwares* ko *a malware*, sai *some malware* ko *a piece of software*. *Virus* kuwa ana ƙirga shi: *a virus*, *two viruses*. Sai bambancin *I hacked* da *I was hacked*: ta farko tana cewa kai ne ka yi kutsen, ta biyu kai aka yi wa. A takardar ƙorafi zuwa banki ko 'yan sanda wannan *was* ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma *download*, saukewa, da *install*, ɗorawa ta fara aiki, da *upload*, turawa sama zuwa intanet. *Delete* goge fayil ne, *uninstall* cire manhaja ne, kuma goge gunkin manhaja daga fuskar kwamfuta bai cire ta ba.

Yaya zan nemi mafita a intanet, kuma ta yaya zan riƙe duk waɗannan kalmomi?

Wajen bincike, kwafi saƙon da ya fito harafi da harafi ka sa a Google, kada ka fassara shi da naka Turancin. Idan ba saƙo, fara da *how to remove* ko *how to fix*, ka ƙara sunan na'urar: *how to remove pop-up ads Android*. Ka tsallake sakamakon farko masu ɗauke da *Sponsored*, domin talla ne, kuma wasu masu maganin bairos na ƙarya nan suke zama. Idan rubuta wa kamfani za ka yi, tsarin nan na abu uku da ke amsar mai gyara shi ne dai, sai ka rufe da *What should I do?*

Wajen riƙewa kuma, hadda daga takarda ba ta daɗewa. Abin da nake sa ɗalibaina shi ne kowa ya sami ƙaramin littafi, duk saƙon da na'urarsa ta nuna masa ya rubuta shi yadda yake, ya rubuta ma'anarsa da Hausa a ƙasa, da maɓallin da ya danna. Ranar da babu matsala, buɗe *Windows Security* a kwamfuta ko *Play Protect* a cikin Play Store, ka danna *Scan*, ka karanta duk abin da ya fito da babbar murya. Sannan ku zauna biyu-biyu, ɗaya mai gyara ɗaya mai kawo gyara, ku maimaita jimloli huɗun nan na hana sharewa har su zauna a baki, sai ku yi musanyen matsayi.